Mu Je Maraɗi Ne, Ko Mu Aika Da Kuɗin?

Maman Godiya: 'Yan'uwa, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ga gara in kawo ta nan kafin zaman kwamiti. Matasanmu sun kawo takardar tafiyar bishara zuwa wani ƙauye a jihar Maraɗi, mutum goma sha huɗu, kwana goma, a watan Agusta. Ni ce ma'aji, don haka lissafin a hannuna yake. Jimla naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu. A ciki, kusan miliyan uku ta tafi a hayar mota, mai, abinci, takardu da riguna masu tambari. Abin da zai isa hannun mutanen ƙauyen shi ne magani, fenti, da dila biyu na gwanjo da za a saya a kasuwar Katako nan Jos. Mai bisharar da ke zaune a can da iyalinsa, kuɗin motarmu kaɗai zai riƙe shi fiye da shekara. Ba na so in kashe wa yaranmu gwiwa, Allah ya sani. Amma baikon nan har da na gwauraye masu sayar da tumatir a Farin Gada a ciki. Mu je ne, ko mu aika da kuɗin?

Dauda: Mama, na gode da kika fito da maganar fili maimakon a riƙa yin ta a bayan majami'a. Amma zuwa da kai ya fi saƙo. Wata shida muna taruwa kowace Juma'a muna addu'a a kan tafiyar nan. Rabin kuɗin ma mu muka haɗa, wasu da wankin mota, wasu da ɗinki. Da waɗanda suka kawo mana bishara sun tsaya lissafi irin wannan, da yanzu ba mu san ina muke ba. A 1893 samari uku ne kawai suka sauka Legas, Gowans da Kent da Bingham, biyu suka mutu cikin shekara guda. Wa zai ce kuɗin jirginsu asara ne?

Baba Ishaya: Dauda ɗana, tarihin da ka kawo gaskiya ne, sai dai ka karanta shi har ƙarshe. Mutanen nan ba kwana goma suka zo yi ba. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake dawowa, ya sake komawa, sai a 1902 aka samu aka kafa tasha ta farko a Patigi. Karl Kumm ya iso Wase a 1904, waɗanda suka biyo bayansa suka zauna suka koyi harsunanmu, wasu a nan aka binne 'ya'yansu. Asibitin Vom tun 1922 yake, Jankwano tun 1959. Dakta Miller ya yi shekaru a Zariya yana fama da Hausa kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke a 1932. Duk abin da ka gani ya tsaya da ƙafarsa, wani ne ya ba da ransa gaba ɗaya a kai. Ni na yi shekara goma sha tara ina aikin bishara a ƙauyukan kudancin Katsina, kuma na karɓi baƙi irinku ba adadi. Wasu sun bar mini albarka. Wasu kuma sai da na yi wata uku ina gyaran abin da suka ɓata cikin kwana uku.

Dauda: Baba, wane irin ɓarna?

Baba Ishaya: Wata ƙungiya ta zo da lasifika da janareta, suka kafa a bakin kasuwa ba tare da sun je sun gai da mai gari ba. Suka yi wa'azi mai zafi, suka ambaci addinin mutane da baƙar magana, ranar Litinin suka hau motarsu suna waƙa. Ni aka kira fada. Matata ta yi makonni ba mai amsa gaisuwarta a bakin rijiya. Baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi, mai gida ke zama da abin da ya bari.

Bulus: Ni tawa tambayar daban ce. Gida bai ƙoshi ba, za a kai wa dawa? Tun rikicin Mangu na 2023 da harin jajiberin Kirsimeti a Bokkos da Barikin Ladi, akwai mutanenmu da har yau ba su koma gonakinsu ba. Daga Jos zuwa Mangu ba ta kai awa biyu ba. Babu iyaka, babu canjin sefa. Ƙanwar mahaifiyata tana ɗaki ɗaya da jikoki biyar. Me ya sa sai an ƙetare iyaka ne ake kiran abu mishan?

Saratu: Yaya Bulus, Allah ya ta'azantar da ku. Amma in sai gida ya ƙoshi za a fita, ba za a taɓa fita ba. Ikilisiyoyin Makidoniya cikin tsananin talauci suka aika wa Urushalima gudummawa. A yi duka biyun mana.

Bulus: Da wane kuɗin, Saratu? Aljihu ɗaya ne.

Nas Rifkatu: Ku bari in ba ku abin da idona ya gani, domin na yi irin wannan tafiya a 2019 tare da wata ƙungiya, ita ma ƙasar Maraɗi. Mun shimfiɗa tebur a ƙarƙashin wata babbar bishiyar bedi, kafin hantsi layi ya kai bakin hanya. Mun ga mutum sun fi ɗari uku a kwana biyu, muna murna. Sai aka kawo wata tsohuwa a kan amalanke. Na auna jininta ya hau sosai, ƙafafunta sun kumbura. Na ƙirga mata ƙwayoyi na kwana goma sha huɗu a 'yar leda, na zana mata rana a jiki don ta san da safe za ta sha. Ta riƙe ledar da hannu biyu, ta dube ni ta ce, "'Yata, in ya ƙare fa?" Ban sami abin ce mata ba. Hawan jini ba ciwon da ake kashewa da mako biyu ba ne, magani ne na kullum, da awo, da wanda zai riƙa bibiya. Har yau in ina raba magani a wurin aiki muryarta na dawo mini.

Abu na biyu ya fi wannan ci mini rai. Ashe akwai ƙaramin gidan likita a garin, da ma'aikaci ɗaya da suke kira majo. Ba wanda ya sanar da shi zuwanmu. Rana ta biyu na hango shi tsaye a ƙofar ɗakinsa, ba kowa a benci, duk marasa lafiyarsa suna wajenmu saboda namu kyauta ne. Da na je na gaishe shi, cikin ladabi ya tambaye ni wane maganin zazzaɓi muke bayarwa, ya kuma roƙi mu rubuta masa sunayen waɗanda muka ba, don in sun dawo masa ya san abin da ke jikinsu. Ba mu da ko rajista mai kyau da za mu ba shi.

Amma kada in yi rashin adalci. Mun tafi da tabarau na karatu, masu arha ɗin nan. Wani tela mai furfura ya ce shekara biyu jikansa ke zura masa zare a allura. Na gwada masa na farko bai yi ba, na biyu bai yi ba, a na uku ya zaro allura daga hularsa ya zura zaren da kansa, ya yi shiru yana kallon hannunsa. Wannan taimako ne da ya kammala a rana ɗaya. Haka aikin yanar ido, haka cire haƙori, in akwai ƙwararre da wanda zai duba su daga baya. Don haka ni ba na cewa kada a je. Ina cewa a san abin da kwana goma zai iya da abin da ba zai iya ba.

Maman Godiya: Rifkatu, kin sa ni hawaye. Kuma a takardar da aka ba ni, maganin hawan jini da na suga suna ciki.

Dauda: Za a iya cire su, Mama. Wannan gyara ne, ba dalilin fasa tafiya ba.

Anti Ladi: Ina bin ku daga nan Amurka, yanzu na tashi daga aiki. A nan duk lokacin hutun makaranta za ka ga matasan coci a filin jirgi da riga iri ɗaya, za su Haiti, Gwatamala, Kenya, Yuganda. Zuciyarsu mai kyau ce, na zauna da su na sani. Amma su kansu yanzu suna wannan muhawara da muke yi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gidajen marayu. A Haiti an gano yawancin yaran da ke irin gidajen nan suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya sa aka kai su, saboda can ne kuɗin baƙi ke zuba. Bayan girgizar ƙasa ta Janairun 2010 an kama Amurkawa goma 'yan mishan suna ƙoƙarin fita da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba takardu, daga baya aka ga da yawa daga yaran suna da iyaye. A 2018 ƙasar Ostareliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu don jawo kuɗin baƙi a matsayin bautar zamani. Ku duba ko yaron da kansa: wannan mako wata ta rungume shi ta ce tana ƙaunarsa, ta tafi, mako mai zuwa wata ta zo. Me zuciyarsa za ta koya?

Saratu: Anti, ai mu ba Turawa ba ne. Harshenmu ɗaya da mutanen Maraɗi, tuwonmu ɗaya.

Bulus: Saratu, wanda ya zo da mota da kyamara wurin wanda bai ci abincin dare ba, ko ɗan uwarsa ne, akwai tazara a tsakaninsu. Mu ma an yi mana. Ina firamare wasu baƙi suka zo makarantarmu daga waje suka yi wa ajinmu fenti, alhali kawuna mai fenti ne yana zaune ba aiki. Suka zaɓi waɗanda rigarsu ta fi yagewa suka ɗauke su hoto. Ina cikinsu. Mahaifiyata da ta ji, kwana ta yi tana ɗinke mini rigar tana kuka. Bara da na ga an haska hoton wani yaro mai tamowa a bangon wata majami'a lokacin rahoton mishan, tashi na yi na fita. Wa ya tambayi uwarsa?

Baba Ishaya: Bulus ya taɓo wuri mai zafi. Ubangiji ya ce kada hagu ta san abin da dama ke yi. Yanzu kafin a miƙa kwanon hatsi an riga an ɗaga waya.

Malam Yakubu: Iyayena da 'yan'uwana, ku ba ni dama. Ni haifaffen ƙasar Maraɗi ne, karatun tauhidi ya kawo ni Jos, kuma faston da ke kula da ƙauyen da ake magana tare muka tashi. Da farko ina so Dauda ya ji wannan: zuwanku yana da daraja fiye da yadda kuke zato. Mu Kirista a Nijar ba mu da yawa ko kaɗan. Akwai ƙauyen da masu bi gida uku ne. Yaro zai girma yana ganin su kaɗai ne a duniya. A Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, abin da ya riƙe mutane ba kuɗi kaɗai ba ne, 'yan'uwan da suka tako suka zo suka zauna da mu a kan toka ne. Ranar da na fara jin ƙungiyar mawaƙa daga Najeriya suna waƙa da Hausa, mutum wajen ashirin, ina ɗan shekara goma sha biyu, ban yi barci ba don murna. Wannan ba ya shiga takardar lissafi.

To amma ga ɗaya gefen. Abubuwan da suka canza rayuwar talaka a wajenmu, duk na masu zama ne. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki. Likitoci na zuwa can na mako biyu ko wata ɗaya, kuma suna da amfani ƙwarai, don sun tarar da gado, da ma'aikata, da wanda zai cire zare bayan sun tafi. Akwai kuma wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya zo Maraɗi a 1981. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Sai wajen 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In ka bar reshe kaɗan masu ƙarfi ka datse sauran, sai itace ya tashi da kansa. Da farko dariya aka yi masa, don a wurinmu manomin kirki shi ne mai gona fes. Shekaru ya yi yana bin gona gona. Yau ana kiran abin sassaben zamani, ya bazu a kadada wajen miliyan biyar a Nijar. Gonar mahaifina cike take da gawo da kalgo, mata ba sa tafiyar rabin yini neman itacen girki. Da kwana goma ya zo yi, da ya dasa dogon yaro ɗari, ya ɗauki hoto, awaki su cinye.

Abu na ƙarshe, ku yi haƙuri da tsawon magana. Don Allah kada a ce sai mutum ya zauna ya ji wa'azi kafin a ba shi magani. Maƙwabtanmu Musulmi suna lura, kuma zargin da suke mana ke nan, wai da kyauta muke sayen mutane. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo, bai karɓe lafiyar sauran ba. A yi jinya don mutum yana ciwo. Wanda ya tambayi dalilin zuwanku, ku faɗa masa ba ɓoye-ɓoye.

Dauda: Malam, na ji daɗin maganarka ta farko, ta biyun kuma ta yi mini nauyi. Amma Manzo Bulus fa? A Tasalonika Asabar uku aka ambata ya yi yana muhawara a majami'ar Yahudawa. Ubangiji ma ya aiki almajirai biyu biyu na ɗan lokaci suka dawo da rahoto.

Baba Ishaya: Haka ne ɗana. Amma ya aike su ba jaka ba guzuri, su ci abin da aka sa musu a gaba, wato su ne mabukata a gidan da suka sauka. Mu kuwa da buhunan shinkafarmu da mai dafa mana muke zuwa. Bulus ɗin kuma ya yi shekara ɗaya da rabi a Korinti, uku a Afisa. Inda ya wuce da sauri, ya koma: Listira, Ikoniya, Antakiya, ya naɗa musu dattawa, ya rubuta wasiƙu, ya aiki Timoti. Tambayata gare ku ita ce, baɗi za ku koma wannan ƙauyen, ko kuwa za ku ce an yi Nijar, saura Chadi?

Dauda: Gaskiya Baba, mun fara maganar Chadi.

Maman Godiya: Ga kuma batun hanya, ni uwa ce dole in faɗa. Daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, kowa ya san halin da yankin Jibiya ya shiga da 'yan bindiga. Tun juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka wata da watanni, yanzu kuma Nijar ta fita daga ECOWAS. Mota cike da matasa da riga iri ɗaya da sunan coci a jiki, hankalina bai kwanta ba.

Nas Rifkatu: Rigunan nan dai a bar su. Kuɗinsu ya sayi tabarau. Kowa kuma ya nemi katin rigakafin shawara tun yanzu, magani ma ba a ƙetare iyaka da shi haka kawai ba izini.

Saratu: Ni tambaya ɗaya ta dame ni tun ɗazu. Shi faston can, an tambaye shi abin da yake so?

Dauda: Mun rubuta masa cewa muna zuwa a Agusta, ya ce Allah ya kawo mu lafiya.

Malam Yakubu: Dauda, Bahaushe ba zai ce wa baƙo kada ka zo ba, balle baƙon da ya fi shi hali. Ku ba ni zuwa dare, zan kira shi a matsayin aboki.

Malam Yakubu: Na same shi, mun yi kusan minti arba'in. Sai da na rantse masa ba za ku ji haushi ba kafin ya saki jiki. Ya ce Agusta shi ne lokaci mafi wuya a shekara. Kowa na gona daga asuba, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da yara. In mutum goma sha huɗu suka sauka, ko kun zo da abincinku, mutanensa ba za su yarda baƙi su tafi ba a yanka musu komai ba. Ƙungiyar da ta zo musu shekarun baya, bayan tafiyarsu sai da wani dattijon ikilisiya ya ci bashin gero, don awakinsa biyu sun tafi a karɓar baƙi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ya ce in da hali ku zo bayan kaka, ƙarshen Nuwamba ko Disamba, mutum huɗu ko biyar. Fenti ba ya so, akwai masu yi a garin, gwanjo kuma zai jawo rigima wajen rabo ya kuma taɓa cinikin masu sayarwa a kasuwarsu. Yana son ma'aikaciyar jinya da za ta zauna a gidan likita tare da majo, ƙarƙashinsa, a bar masa maganin a hannunsa. Yana son wanda zai koya wa mutum uku yadda ake koyar da karatun Hausa ga manya, domin mata da yawa suna marmarin karanta Littafi Mai Tsarki da kansu. Littattafan ma ba su isa ba, gida huɗu ke karɓa-karɓa da guda ɗaya. Babur ɗin mai bishara ya lalace tun bara, a ƙafa yake zaga ƙauyuka biyar. Sannan ya yi wata tambaya da ban zata ba: ko za ku karɓi samarinsu biyu su zo Jos wata uku su koyi noman rani na kayan lambu, su ma su ga ikilisiya mai mutum dubu da idonsu?

Baba Ishaya: To. Mai ɗaki ya nuna inda yake masa yoyo.

Dauda: Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini zafi. Mutum goma da suka yi wata shida suna tara kuɗi, me zan ce musu ranar Juma'a? Akwai yarinyar da ta sayar da wayarta.

Bulus: Ka kawo su Mangu a Agustan, Dauda. Ni zan yi muku jagora, amma sai mun fara zuwa mun tambayi fastocin can da shugabannin matan abin da suke bukata. Yara da yawa sun yi asarar zangon karatu, ɗaliban jami'armu za su iya koyar da su lokacin hutu, kuma wuri ne da za a iya komawa duk Asabar.

Anti Ladi: Gyaran babur ɗin ku bar mini shi. Malam Yakubu, a tambayi bakanike nawa ne, a turo mini ta hannun ma'aji.

Maman Godiya: Samarin nan biyu kuwa ɗakin Godiya yana nan ba kowa tun da ta yi aure, zan yi magana da Baban Godiya yau. Amma ban yarda mu yanke hukunci a nan ba, kuɗin na matasa ne da na ikilisiya, kuma wanda ya ce a mayar masa da nasa dole a mayar. Zan sake lissafi iri biyu in kawo zaman kwamiti ranar Asabar ƙarfe huɗu. Dauda, ka zo da yarinyar da ta sayar da wayar, ina so in ji ta bakinta.

Dauda: Za mu zo, Mama. Malam Yakubu, don Allah turo mini lambar faston ta gefe. Ina so in ji da kunnena, in kuma nemi gafararsa da muka sa rana ba mu tambaye shi ba.

Malam Yakubu: Na tura. Ka bari sai bayan ƙarfe takwas na dare, yana gona yini guda, kuma sai ya hau tudun bayan gari waya ke shiga.